Shekarun da Goma Ta Tsare Ni a Gida

Mu uku ne maza a ɗakin Inna, ni ne auta. Ƙauyenmu yana tsakanin Tsarnawa da Malbaza, a gindin wani tudu mai jajayen duwatsu, kuma tun ina yaro na san shekararmu kashi biyu ce. Da damina gari cike yake da maza, har a rasa wurin tsayuwa a masallaci. Da an gama kaka, an ɗaure damman gero an cika rumbuna, sai gari ya fara zubewa. Yau ka ji wane ya tafi, gobe ka hangi wane da ƙunshi a ka ya nufi bakin hanya. Cin rani ke nan, mu a can biɗa muke ce masa. Wasu a Sakkwato suke tsayawa, wasu su wuce Ikko, masu dogon buri har Kumasi. Kafin sanyi ya kankama ba ka ganin kowa sai tsofaffi da mata da yara da awaki.

Muddin Baba yana da rai babu wata gardama a gidanmu. Shi yake zama, yayyena biyu su tafi, ni kuwa ina jiran in isa. Na yi jiran nan da dukan zuciyata. Duk shekara in 'yan biɗa suka dawo gab da faɗuwar ruwa, ina nan a bayansu kamar jela, ina sauraron labarin teku, da gadar da mota ke bi ta kan ruwa, da fitilun da ke kamawa ba kananzir. Baba ya yi mini alkawari cewa shekarar da na iya noma kunya ɗaya da yayyena ban tsaya ba, zan bi su. Na cika sharaɗin. A ƙarshen wannan damina, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, lokacin ana ta maganar ma'aikatar siminti a Malbaza, Allah ya yi wa Baba rasuwa.

To, dole wani ya zauna. Inna ta manyanta, ga matan yayyena da ƙananan yara, ga 'yan shanu da tumaki, ga rijiyarmu mai zurfin da in ka ja guga sai kafaɗa ta gaya maka. A yawancin gidaje babban wa zai buɗe baki kawai ya ce auta ya zauna, magana ta ƙare. Amma Yaya Babba ba haka yake ba. Mutum ne mai shiru, mai tsoron hakki har abin ya yi yawa, irin wanda in ya raba nama sai nasa kason ya fi na kowa ƙashi. Ya san alkawarin da Baba ya yi mini. Ya ce ba zai tsare ni da bakinsa ba, ƙuri'a za a yi.

Ƙuri'ar da muka sani ita ce ta tsinke. A karya tsinke uku, ɗaya gajere, wani ya dunƙule su a hannu, kowa ya zaro. Baba ne mai riƙewa a da, in ana rabon naman watanda. Yanzu kuwa duk wanda ya riƙe cikinmu ya san inda gajeren yake. Muka kai wa Inna, ba ta ko kalli tsinken ba.

"Ba ni riƙe abin da za shi raba min ɗiya," in ji ta. "Ku tahi can ku ƙare da junanku."

Nan ne Yaya Ƙarami, na tsakiyarmu, ya ce yana da dabara. Shi kullum yana da dabara. Baki gare shi kamar rediyo, ya je Ikko sau biyu amma in yana ba da labari sai ka rantse shi ya gina ta. Ya shiga ɗaki ya fito da 'ya'yan lido guda biyu. Allon lidon da ya zo da shi tuni gara ta cinye, su kaɗai suka rage: ɗaya fari da ya koma ruwan ɗorawa don tsufa, ɗaya ja. Kowanne fuska shida, da ɗigo daga ɗaya zuwa shida.

"Wanga abu bai san wa ba, bai san ƙane ba," ya ce. "Kowa shi ɗauki lambatai. A kaɗa su biyun a zuba, a haɗa ɗigon. Wanda tashi ta hwara hitowa, shi ka tsaron gida bana."

Yaya Babba ya juya su a tafin hannu, fuska a ɗaure. "Wanga ba kayan caca na ba?"

"Caca sai an aza wani abu, Yaya. Wagga ƙuri'a ta."

Sai ya tambaya wace lamba ce ta fi girma. Aka ce masa sha biyu, shida da shida. Ya ce to ita ya ɗauka. Yaya Ƙarami ya ce sha ɗaya. Ni ko tambayata ba a yi ba, ban kuma ga abin tambaya ba, goma ce tawa. Haka muke a komai. Ko a kwanon tuwo babba ke fara sa hannu, ko ruwa aka kawo shi ke fara sha, in aka shimfiɗa tabarma shi ke zama wajen kai. Da wani cikinmu ya zaɓi lamba sama da ta wansa, da matan gidan sun yi mako suna maganar rashin kunyarsa.

Aka samo gwangwanin tumatir, Yaya Ƙarami ya rufe bakinsa da tafi ya kaɗa ya kife a kan tabarma. Bakwai. Ba ta kowa ba ce, aka sake. Biyar. Takwas. Aka yi ta yi, har ja ya nuna shida fari ya nuna huɗu. Yaya Babba ya dube ni ya ce in yi haƙuri, Allah ne ya zaɓa. Na ce ba komai. Na zagaya bayan rumbu na zauna har magariba.

Ba zan ɓoye ba, na tsani ranin nan. Da asuba in ja ruwa in cika komi, dabbobi su sha, in sake cikawa. In ɗora wa jaki mangalar taki in kai gona, in dawo, in sake ɗorawa. Zanan da iska ta kayar ni ne, rumbun da ɓera ya huda ni ne, akuyar maƙwabta ta shiga dangar wani, ni ne za a kira tunda ba wani namiji mai ƙarfi a unguwar. 'Yan matan da ke zuwa rijiya suka sa mini suna mai gadin rumbu. Akwai wata cikinsu, doguwa mai wushirya, da nake ja wa ruwa ba ta roƙa ba. Ita ta fi kowa kiran sunan, kuma da 'yan biɗa suka dawo, wani mai baƙin tabarau da akwatin rediyo ta aura.

Amma yau in na rufe ido na ce zan tuna ƙuruciya, ba damina nake gani ba, ranin nan nake gani. Gari shiru, har kana jin ƙarar turmi daga ɗaya unguwar. Da hantsi Inna takan dama fura ta ajiye mini a inuwa, ta rufe da faifai ta ɗora dutse don kaji. Bayan la'asar ta fito da mazari da audugarta ta zauna jikin bango tana kaɗi, ni ina gefe ina tufkar igiya ko gyaran ƙotar kalme, fartanyarmu ta can. A nan na ji labaran da yayyena ba su taɓa ji ba. Yadda aka kawo ta daga wani ƙauye wajen Tajaye a kan raƙumi tana kuka, raƙumin kuma ya ƙi durƙusawa a ƙofar gida. Shekarar fara, da suka ci ganye har bakinsu ya yi kore. Yadda Baba, wanda muke tsoron ko tarinsa, ya taɓa gudu ya bar takalmi saboda kare. In na kai jaki kasuwar Badaguishiri, sai ta ce in sayo mata albasa da ɗan kanwa, in na dawo kuma sai na ba ta labarin kowa da na gani, har da abin da suka sa. A lokacin ban san daɗi nake ji ba. Ina tufkar igiya ne kawai, hankalina yana Ikko.

Kaka ta zagayo, aka fito da gwangwani. Kowa ya riƙe lambarsa, ba wanda ya yi tunanin canzawa, kamar sunan yanka. Goma ta fito.

A shekara ta uku na ce abin nan ba lafiya ba. Na sami wani malami a Tsarnawa na gaya masa sa'a ta juya mini baya. Ya yi mini rubutu na sha, ya ce in yawaita sadaka, na yi ta raba wa yara gyaɗa har suka fara bina a hanya. Ranar ƙuri'a na yi wanka na sa riga mai tsabta. Aka kaɗa, aka kaɗa, sai ga biyar da biyar sun kwanta gefe da gefe suna kallona. Yaya Ƙarami ya yi dariya har ya sarƙe. Ni kuwa na sa ƙafa na shure gwangwanin ya bugi bango, abin da ban taɓa yi a gaban Yaya Babba ba. Shi kuwa ya tashi ya ɗauko shi ya gyara masa baki da yatsa. Ranar da za su tafi, Yaya Ƙarami ya danƙa mini 'ya'yan lidon a hannu.

"Riƙe su wurinka," ya ce, "ku saba da juna, ko sa ji ƙanka baɗi."

Don tsiya ya ba ni, amma na riƙe. A ranin nan, in rana ta take na gama shayar da dabbobi, nakan je gindin wani gawo a bayan gari inda tsofaffi ke dara. In sun tashi salla ko gyangyaɗi ya kwashe su, sai in fito da 'ya'yan lidon in yi ta zubawa a ƙasa ni kaɗai, cikin fushi. So nake in ga iyakar ƙiyayyar da ke tsakanina da su. Goma na fitowa, sha biyu kuwa sai in gaji ban gan ta ba. Na ce to hannuna ne. Na ba wani tsoho makaho-makaho da ke zama wurin ya zuba mini, shi da ba ruwansa da Ikko. A hannunsa ma haka. Nan jikina ya fara ba ni cewa ba ni abin ya tsana ba.

Abin da ya buɗe mini ido launinsu ne. Wata rana na zuba, ja ya ba da shida, fari ya ba da biyar, sha ɗaya. Jim kaɗan sai ga sha ɗaya kuma, amma wannan karon fari ne mai shida, ja mai biyar. Na tsaya ina kallonsu. Lamba ɗaya ce, amma ta hanya biyu ta zo. Da a ce su biyun farare ne, da har in mutu ban lura ba. Na ɗauke su na shiga jerawa da hannu, ba zubi. Sha biyu fa? Ja shida, fari shida. Na juya, na sake juyawa, babu wata hanya. Goma kuwa: ja shida fari huɗu, ja huɗu fari shida, sannan biyar da biyar. Uku.

Na share ƙasa da tafin hannu na haƙa gurabe irin na dara, sai dai na yi layi shida, kowane layi gurbi shida. Layukan na ja ne, daga ɗaya zuwa shida. Guraben cikin kowane layi na fari ne. Duk yadda 'ya'yan lidon nan za su faɗi, a ɗaya daga cikin guraben nan za su faɗa, kuma ba gurbin da ya fi wani faɗi. Na ƙirga su, talatin da shida. Na sa tsakuwa a gurbin Yaya Babba, guda ɗaya tak a can kusurwa. Na sa tsinke a na Yaya Ƙarami, biyu. Nawa guda uku na sa musu kashin awaki, don shi ne a kusa kuma shi ya dace da yadda nake ji. Sauran talatin ɗin ba na kowa ba ne, su ne zubin banza da ke sa mu sake kaɗawa. Na bi su ma don in huce: bakwai ta fi kowa gida, gurbi shida gare ta, shi ya sa take damunmu da fitowa. Biyu kuwa, ɗaya da ɗaya, ita da sha biyu duk jirginsu ɗaya, gurbi guda.

Saboda haka gurabe shida ne kawai ke yanke mana hukunci, kuma uku daga ciki nawa ne. Rabi. Yaya Ƙarami yana da biyu cikin shida, Yaya Babba ɗaya. Ashe duk shekara kamar tsinke shida ake dunƙulewa, a rubuta sunana a kan uku. Na ƙara lissafawa, don in yi wa kaina adalci: rabi ba duka ba ne, kuma kafin rabi ya faɗa wa mutum sau uku a jere, rabin rabin rabi ke nan, ɗaya cikin takwas. Wato dai da ɗan rashin sa'ar ma a ciki, malamin Tsarnawa bai ci sadakata a banza ba. Na zauna gaban guraben nan ina dariya ni kaɗai, dariyar da ta fi kusa da kuka, har wani tsoho ya farka ya tambaye ni wace irin dara ce wannan mai gidaje da yawa.

Ban gaya wa kowa ba. Na riƙe abin a ciki har suka dawo, muka yi shuka, muka yi noman farko da maimai, muka yi girbi. Sau da yawa ina bayan Yaya Babba a kunya, ina kallon gumin bayansa, ina shirya kalmomin da zan jefe shi da su. A raina na riga na yanke cewa sun san abin da suke yi, ko dai aƙalla Yaya Ƙarami ya sani.

Ranar ƙuri'a ta huɗu da hantsi ne, a tsakar gida. Inna tana can ɗakinta, dama ba ta zama wurin. Yaya Ƙarami ya miƙo hannu in ba shi 'ya'yan lidon, na ce a dakata. Na durƙusa na haƙa gurabena a gabansu. Na daɗe ina maimaita abin da zan faɗa. Na nuna musu ja da fari, na nuna musu gurbi ɗaya, da biyu, da uku. Yaya Ƙarami ya fara da tsokana, wai rani ya taɓa mini kai. Da ya ga sha ɗayarsa ta hanya biyu, sai ya karɓi 'ya'yan lidon yana juyawa da kansa. Daga yadda ya saki baki na gane bai taɓa sani ba.

Yaya Babba ya sa na sake daga farko. Na sake. Ya sa yatsa a kan tsakuwarsa guda ɗaya, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Ni ɗauka ni yi babbar lamba ta hi nauyi," ya ce a hankali. "Cewa ni yi, tunda ita ta babba, ita za ta riƙa hitowa. Don haka ni ɗauke ta, in rage muku."

Duk kalmomin da na tara damina guda suka zube. Shekara uku ina ganin ya zaɓi mai daɗi ya bar mini ƙashi, ashe shi a zuciyarsa kaya ya ɗauka, yana ma mamakin yadda Allah ke ta sauke masa. Kunya ta kama ni kamar ni na yi laifin. Na yi sauri na ce abin mai sauƙi ne, a ajiye ɗan lido ɗaya, a zuba ɗaya kawai, kowa ya riƙe fuska biyu, ba wanda ya fi wani.

Ya girgiza kai. "Wanga sai baɗi. Shekara ukku kana ɗauke da rabona. Bana ni ad da goma, kai ka riƙe sha biyu."

"Yaya, ba ni iya ɗaukar lambakka."

"Ni na ba ka. Hwaɗi da bakinka."

Na ce sha biyu, murya can ƙasa, kamar na zauna a kan buzun liman. Yaya Ƙarami ya ce shi dai yana nan a sha ɗayarsa, na tsakiya ba ya gaba ba ya baya, ya ɗauki gwangwani. Ko a lokacin ban saki jiki ba, don na san gurbi ɗaya ma gurbi ne, kuma na san halin sa'ata. Tara ta fito. Bakwai. Bakwai kuma. Huɗu. Sannan ja ya tsaya a kan huɗu, fari ya ɗan gangara ya kwanta a kan shida.

"Goma," in ji Yaya Ƙarami da ƙarfi, yadda ya saba.

Zan ga teku. Ina cikin wannan sai ga Inna ta ɗaga labule ta fito da ƙwarya a hannu. Kalmar ƙarshe kawai ta ji. Ta dube ni, fuskarta a sake, ta ce mini igiyar guga ta fara cinyewa, in nemi kaba tun yanzu kafin a shiga sanyi. Ni na sunkuyar da kai ina share gurabe da ƙafa. Yaya Babba ne ya bi ta har madafa ya yi mata bayani. Ban ji abin da ya ce ba, ban kuma ji ta ce komai ba. Na dai ga ta ajiye ƙwaryar ta koma ɗaki.

A kwanakin da suka rage ban zauna wuri ɗaya ba. Na nuna wa Yaya Babba saniyar da ke harbi in ana tatsa, da gefen rumbun da ɓera ke so, da inda nake samo kaba mai kyau. Na je rijiya da gangan lokacin da 'yan mata suka taru, don su ji cewa mai gadin rumbu ya ajiye aiki. Na wanke rigata ɗaya mai kyau, na sake wankewa. Inna kuwa tana ta hidimar guzuri, ta daka gumba, ta soya ƙuli-ƙuli, ba ta ce mini kanzil a kan tafiyar ba. Na ɗauka murna take taya ni a irin nata salon.

Ranar tafiya muka yi sammako don mu tari motar Ƙonni a bakin hanya, daga can mu ƙetara Sakkwato. Yaya Ƙarami ya yi gaba da jakarsa yana sallama da kowa da ƙarfi. Inna ta ce za ta taka mini. Ba ta taɓa raka yayyena ko ƙofar gida ba. Ta riƙe ƙunshin guzurin da kanta, muka bi ta bayan gari, ta gefen gawon da ake dara, tana tafiya a hankali ina rage sauri. A inda gonaki suka fara ta tsaya. Ta yi mini nasihar da ake yi wa kowa, in riƙe salla, in guji abin mutane, kar in bi ɗan'uwana duk inda bakinsa ya kai shi. Sannan ta shiga gyara ƙullin ƙunshin da ba abin da ya same shi.

"Auta," ta ce, ba ta dube ni ba, "tun shekarar da babanku ya rasu, in kaka ta matso, ba ni da wata addu'a bayan salla sai Allah shi hiddo goma. Bana ma ita ni roƙa, ita kuma anka ba ni. Laihina na. Da sunanka ya kamata in roƙa."

Shekara uku ina zagin sa'ata a gabanta, tana kaɗi tana saurare, ba ta taɓa cewa uffan ba. Na ji haushi ya taso, kafin ya iso maƙogwaro ya zama wani abu dabam. Da ta ce in zauna a lokacin, wallahi da na zauna. Ba ta ce ba. Ta ɗaga ƙunshin ta ɗora mini a ka, ta dafa shi da hannu biyu har ya zauna daidai.

"Tahi, kar mota ta bar ka."

Na tafi. Da na waiwaya daga kan tudu tana nan tsaye inda na bar ta, 'yar ƙarama cikin baƙin zane a bakin karan gero. A bayan motar, a kan buhunan wake, na kifa kai a gwiwa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da goma ta fara tsare ni. Yaya Ƙarami, wanda bai taɓa barin abin tsokana ya wuce shi ba, ya juya mini baya ya yi ta kallon gonakin Tsarnawa har muka shiga Ƙonni.